Rabin Bakin da Na Bari Ban Wanke Ba

Jimeta, ranar Lahadi.

Zuwa ga 'yata Asma'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan kin isa Mubi lafiya, kin tarar da Goggonki da yaranta ƙalau, gajiyar hanya kuma ta sake ki. Allah Ya tsare mini ke a masauki da wurin aiki, Ya haɗa ki da abokan aiki masu tsoronSa, Ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga duk wanda ya buɗe miki baki.

Ma'u, akwai wani ruɗu da ke kama mutum idan ya fara aiki, ni kuwa ya daɗe riƙe da ni. Mutum zai tashi da safe ya ji ƙirjinsa ya yi nauyi, ƙafarsa ba ta son hanyar wurin aiki, sai ya ce wurin ne bai karɓe shi ba. Wani lokaci gaskiya ne. Amma sau da yawa wurin ba shi da laifi, shi ne bai yarda hannunsa zai iya aikin ba. Nauyin nan biyu iri ɗaya suke a ƙirji. Ba a bambance su sai an tsaya an duba, ni kuma ban taɓa tsayawa ba.

Abin da ya sa na zauna rubuta miki wannan, maganar da kika yi ce ranar da kike haɗa kaya. Na shigo na ga kin cika ƙaramar jaka, babban akwatin yana nan a kan durowa. Na ce, "Ba za ki tafi da babban ba?"

Kika ce, "Dada, wannan ma ta isa. In wurin bai yi mini ba, wata uku na dawo. Ai ke ma haka kika yi ta yi, kuma ba abin da ya same ki."

Hammanki, babban wanku, ya kwashe da dariya ya ce, "Ashe gado ne." Na taya ku dariyar. Daga nan na shiga kicin na tsaya a gaban tukunyar da ba ta buƙatar kowa, don kada ku ga fuskata.

Kin taso kina jin cewa uwarki ta karanci aikin tsaftar haƙori, irin wanda kika gama yanzu, ta yi aiki a wuri uku, sannan ta koma koyar da darasin kiwon lafiya a makarantar 'yan mata. Kin kuma san dalilan da na ba ku: wuri na farko kayan aikinsu sun lalace, na biyu ya yi nisa, na uku rikici ne ya kore ni. Ba ko ɗaya a ciki da ya cika gaskiya. Ina jin kunyar rubuta wannan, amma gara ki ji daga gare ni tun kina sabuwa a fararen kaya.

Na fara aiki kina aji huɗu a firamare, a wani ƙaramin asibitin haƙori a Yola Gari. Na fito makaranta da sakamako mafi kyau a ajinmu, labarin kuma ya riga ni isa. Likitan wurin yana gabatar da ni ga marasa lafiya yana cewa, "Wannan ita ce ta ɗaya a makarantarsu." Daɗi nake ji, har ranar da aka ɗauke wuta, injin wankin haƙori ya tsaya, dole na koma ga ƙarfen kankare haƙori na hannu. Na sa ƙarfen a kan kanta, wato dattin da ya daskare a gindin haƙoran wani magidanci, na ja, sai ya zame. Na sake ja, ya sake zamewa. Na ƙara ƙarfi, mutumin ya riƙe hannun kujera yana salati. Na fi sa'a a bakinsa, na gama na duba da madubi, dattin yana nan, sai dai ya yi sulɓi.

A zuciyata na yanke hukunci: kaina ya iya takarda, hannuna bai iya aiki ba. Kullum addu'ata kada a ɗauke wuta. Kin san Yola, addu'ar nan ba ta cika karɓuwa ba. Wata huɗu na yi na ajiye aiki, na ce wa Babanki kayansu tsofaffi ne.

Sai bayan shekara biyu na san abin da ya faru. Ƙarafan sun dakushe ne kawai. Washi suke so a kan ɗan dutse, aikin minti biyar. An koya mana a makaranta, rana ɗaya, na haddace yadda ake yi na rubuta a jarrabawa, amma ban taɓa wasa ko ɗaya da hannuna ba. Akwai wani dattijo ma'aikaci a wurin wanda da na tambaye shi zai nuna mini. Ta yaya ta ɗaya a makaranta za ta ce ba ta iya ba? Na gwammace barin aikin a kan na yi tambaya guda.

Don haka, 'yata, kafin ki zargi hannunki ki duba ƙarfenki. A makonki na farko ki nemi wanda ya fi kowa daɗewa a wurin, ko da ba shi da takardar da ta kai taki, ki ce, "Ban iya wannan ba, nuna mini." Ki faɗa da wuri. Sabon ma'aikaci idan ya ce bai iya ba, ba wanda zai yi mamaki. Idan ya ɓoye har wata shida, faɗar tana yi masa wuya.

Wuri na biyu a Sangere yake, kusa da jami'a. Can na ji daɗi, kuma can na fi cutar kaina. Yawancin masu zuwa ɗalibai ne, bakunansu masu sauƙi, wasu farin haƙori kawai suke so saboda biki ya matso. Mu biyu ne masu wanki. Ina da hutu ranar Laraba. Idan na leƙa bakin mutum na ga kanta ta hau har ta rufe rabin haƙori, dasashi ya kumbura yana jini, sai in cire safar hannu in ce cikin fara'a, "Baba, wannan aikin yana son lokaci. Ka dawo ran Laraba da safe." Har aka san ni da kirki, wai ba na gaggawa da mutane. Abokiyar aikina ta sha wahalar Laraba shekara guda ba ta gane ba, ko ta gane ta yi kawaici. Da cikinta ya tsufa za ta tafi hutun haihuwa, na hango duk Larabar nan za su dawo kaina. Na rubuta takardar barin aiki. Na ce tsallaka gada kullum da tsayawa a shingen bincike sun ishe ni.

Ki lura da kyau: shekara guda na yi ina aiki, amma ban ƙaru da komai ba, don duk bakin da zai koya mini wani abu na tura shi gaba. Yarda da hannu ba a haihuwar mutum da ita, ba a kuma samunta daga yabo. Tana zuwa ne bayan kin yi abin da kike tsoro kin ga ya yiwu. Idan aka kawo miki baki mai wuya, kada ki nema masa wata rana. Ki ce wa babbarki, "Zan yi, amma ki tsaya kusa."

Yanzu zan ba ki labarin da ya fi yi mini nauyi.

Wuri na uku a nan Jimeta ne, ba nisa da kasuwa. Na fara ne a lokacin da mutanen Madagali da Michika da Mubi suka kwararo garin nan. Kin tuna, mu ma mun sauki mutum goma sha ɗaya a gidanmu, ke da Addarki, 'yan matana biyu, kuka koma kwana a ɗakina. Babbata a wurin aiki Sista Rifkatu ce, 'yar Michika, gajera mai faɗa da barkwanci. Ita ce ta ɗauki ƙarfena rana ta biyu, ta gwada shi a farcenta, ta ce, "Habiba, da wannan cokalin kike wanke haƙori? Kawo in sha kunu da shi." Ta zaunar da ni ta koya mini washi. Tun daga nan aiki ya fara sauƙi, har na soma tunanin wataƙila a nan zan zauna. Amma bakuna masu wuya ita nake bar wa, ita kuma ba ta ƙi.

Wata safiya ba ta zo ba, ta tafi wata makaranta da aka sauke 'yan gudun hijira tana neman labarin ƙaninta. A ranar aka kawo wata tsohuwa, Mama Kwanye, ita ma daga Michika. Ta yi watanni a gidan ɗanta a Jimeta. Matar ɗan ce ta rako ta, ta ce tsohuwa ta daina cin komai sai kunu, bakinta yana jini, jikokinta suna gudun zama kusa da ita saboda wari. Na duba. Shekaru na goro da taba gari sun gina katanga a bayan haƙoranta na ƙasa, har ba a ganin inda wani ya ƙare wani ya fara. Na sama ma haka. Na waiga, ba Sista, ba kuma Laraba. Na ce bismillah.

Ba wuta ranar. Da hannu na yi, ƙarfen kuma da kaifi. Hannuna yana rawa amma dattin yana fita. Da na zo haƙoran gaba na ƙasa, na ja sau ɗaya, sai katangar ta ɓalle gaba ɗaya ta faɗo kan auduga kamar guntun kasko. Jini ya biyo. Na goge, na taɓa haƙoran, guda huɗu suna motsi. Ke kin san dalili: ciwon ya daɗe da cinye ƙashin da ke riƙe su, kantar ce ta haɗe su suka zama kamar masu ƙarfi. Ni ma na sani, na rubuta shi a jarrabawa. Abin da ban yi ba shi ne gaya mata kafin in fara.

Ta zagaya da harshenta, ta ji giɓi tsakanin haƙora inda da babu. Ta tashi zaune ta karɓi madubi. Hausarta irin ta mutanen can ce, kowa "kai" ne a bakinta.

"Kai yarinya, me ka yi mini? Na zo da haƙori, zan koma da taga?"

Na fara kame-kame, ina cewa datti ne, Mama, datti ne ya fita.

Ta ce, "Datti nawa ne, shi yana riƙe mini su. Na taho daga Michika da ƙafa. Gida na bari, akuya na bari, masara na bari a gona. Haƙori kawai na kawo duka, ko ɗaya ban yar a hanya ba. Yau a kan kujera ka kwashe."

Masu jira a waje duk sun ji. Matar ɗanta tana ba ta haƙuri, ni kuwa na kasa haɗa ido da kowa. Na gaya musu ta riƙa kurkure baki da ruwan gishiri mai ɗumi, na rubuta a katinta ta dawo bayan mako biyu a wanke na sama. Ta fita riƙe da haɓa ba ta ce mini sai an jima ba.

Mako biyun nan ban yi su cikin hayyacina ba. Kullum ina ƙirga kwanakin da suka rage. Na tabbata za ta dawo da haƙoran huɗu ƙulle a bakin zane ta zube mini su a tebur. Ana cikin haka aka samu fashewar bam a Jimeta. Mutane suka mutu, gari ya ruɗe. Ma'u, ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai a makon nan: a cikin firgicin ranar, wani ɓangare na zuciyata ya ce, ga dalili ya samu. Na dawo gida na ce wa Babanki ba zan iya ci gaba da aiki kusa da kasuwa ba, ina da yara. Ya ce, "Ranki ya fi mana aiki." Saura kwana uku Mama Kwanye ta dawo na aika takardata, ban ma je da kaina ba.

Dangi suka yi ta yaba mini, wai uwa ce mai hankali. Wasu sun rasa 'ya'ya da mazaje a abin nan, ni kuma na ɗauki masifarsu na lulluɓe kunyata da ita. Shekara kusan goma ina ba da labarin haka, har ni ma na fara yarda.

Kada ki taɓa yin wannan, 'yata. Idan za ki bar wuri, ki faɗa wa kanki ainihin dalilin, ko da ba za ki faɗa wa kowa ba. Kuma kafin ƙarfenki ya taɓa bakin da kanta ta cika, ki miƙa wa mai bakin madubi. Ki nuna masa, ki ce, "Idan wannan ya fita za ka ji giɓi, za ka ji sanyi, wasu haƙoran za su yi motsi, za a ga jini. Ba ni na kawo motsin ba, yana nan a ɓoye. Idan aka bar shi haka, duka za su tafi." Ki jira ya ce ya yarda. Da na yi wa Mama Kwanye wannan bayanin na minti biyu, da wataƙila yau tare za mu yi ta hirar aiki ni da ke.

Watan jiya, ranar da na shiga kasuwa yanko miki yadin fararen kaya, na ji an ja mayafina ta baya. Sista Rifkatu ce, ta yi furfura, bakin nan nata yana nan.

"Habiba mai gudu! Wa zai sa farin yadi, ke?"

Na ce 'yata ce, ta gama karatun, an tura ta Mubi. Ta yi guɗa a tsakiyar kasuwa. Sannan ta riƙe hannuna ta ce, "Kin san tsohuwar nan taki, Mama Kwanye, ta neme ki har sau uku?"

Na ce, "Haƙoran sun zube ko?"

Ta ce, "Ɗaya muka cire, dama ya riga ya mutu. Ukun suka kama, ba kamar na yarinya ba, amma sun zauna. Jini ya tsaya, wari ya tafi. Ta zo da soyayyar gyaɗa a leda, ta tsaya a gabana tana tauna don in gani. Ta ce jikarta ta dawo kwana a bayanta. Gyaɗar taki ce, mu muka cinye."

Ta ci gaba, tana kwaikwayon muryar tsohuwar: "'Ina yarinya mai tsoro? Shi nake so. Hannunsa yana rawa, amma ba ya mugunta.' Na ce Mama, zauna in wanke miki na sama, ni ce babbarta, ni na koya mata. Da yarenmu na roƙe ta. Ta ce a'a, wanda ya fara shi zai gama, kuma tana da haƙuri da za ta ba ki, don ta zage ki a gaban mutane. Ta dawo, ta sake dawowa. Da hanya ta buɗe suka koma gida. Na sama dai ba a wanke ba."

Na tsaya da yadinki a hannu, masu keke mai ƙafa uku suna ta yi mini hon ban ji ba. Aiki mafi wuya da na taɓa yi, ashe ya yi kyau. Shaidar da nake nema tun ranar farko cewa hannuna ya iya ta zo har ƙofa, sau uku, da gyaɗa a leda, ni kuma ina gida ina ba da labarin bam.

A nan na gane abin da ya haɗa wuraren nan uku. Aikinmu ba ya nuna kansa a ranar da aka yi shi. A ranar, jini za ki gani, da ɓata fuska, da mutumin da ke cewa kin sa masa sanyi a haƙori. Kyan aikin sai bayan mako biyu, sai bayan wata shida idan ya dawo dubawa, ki ga dasashin da ya kumbura ya koma ya kama haƙori. Ni kullum ranar jinin nake gani. Bakuna masu wuya ko dai na tura su gaba, ko na gudu kafin su dawo. Wanda ke barin aiki duk bayan 'yan watanni yana kwasar tsoron kowane wuri ya tafi da shi, ya bar sakamakon a baya wasu su gani. Sai ya isa sabon wuri da ƙarancin yarda da kansa fiye da yadda ya bar tsohon.

Shekaran jiya na gaya wa Babanki duk wannan. Ya gama saurara yana juya kofin shayinsa, ya ce, "Ai na san ba bam ba ne. Kin bar aiki kusa da kasuwa, amma kullum kina cikin kasuwar sayen kayan miya." Na ce me ya hana ka magana? Ya ce, "Na ga kina jin kunya, ban so in ƙara miki." Ban san ko in gode masa ko in yi fushi ba. Ni dai ba zan yi miki irin wannan kawaicin ba.

Ban ce ki zauna a ko'ina ko da me ake miki ba. Idan ana wulaƙanta ki, ko wani ya nemi taɓa mutuncinki, ko an ce ki sa ƙarfen da ba a dafa ba a bakin mutum, ko gari ya rikice da gaske, ki ɗauko jakarki ki taho, ni zan tare ki a tasha. Amma ranar da kika ji nauyin nan a ƙirji, ki yi wa kanki tambaya ɗaya: da a ce mutumin da nake tsoron dawowarsa ba zai zo ba, da zan so tafiya? Idan amsar a'a ce, to ba wurin kike gudu ba. Ki kira ni, ki kira Sista Rifkatu, na rubuta miki lambarta a bayan takardar nan, ta ce ko kuka za ki yi ki kira, za ta zage ki sannan ta gaya miki yadda za ki yi.

Na ga hannunki ranar da kika zaunar da Kawunki a tsakar gida kina duba masa baki. Yana ɗan rawa, kin kuma lura na gani, kika ɓoye shi a bayanki. Kada ki ɓoye. Hannun da ke rawa ma yana gama aiki, an gaya mini, sai dai labarin ya iso ni a makare.

Ga abin da nake so ki gwada, ba don na faɗa ba, don ki gani da idonki. Mutum na farko mai baki mai wuya da za a zaunar miki, ki karɓe shi. Ki yi masa bayani, ki wanke, ki rubuta masa ranar dawowa da hannunki. Sannan ki kasance a wurin ranar. Ki jira ta mako biyu, ki jira ta wata shida. Ki sa madubi ki duba abin da hannunki ya yi. Bayan nan, idan har yanzu kina son dawowa gida, ƙofa a buɗe take, ba kuma wanda zai ce gado ne.

Mutanen Michika suna zuwa asibiti a Mubi. Ban ce ki nemi Mama Kwanye ba, ban san ko tana raye ba. Amma tsofaffi irinta za su zo miki da goro a baki da faɗa a harshe. Duk wadda kika fara wa na ƙasa, don Allah ki gama mata na sama.

Wannan takardar za ki same ta a saman kayanki, a cikin babban akwatin. Na cika shi da kaina, har da bargo, don sanyin Mubi ya fi namu, kuma watannin sanyi suna gaban wata ukun da kika ambata. Hammanki zai kai shi tasha gobe da sassafe.

Ki gaishe da Goggonki da kyau, ki riƙa taya ta aikin gida kafin ki fita. Allah Ya tsare ki daga sharrin hanya da na mutane, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya sa kada abin da ya koro mutane garin nan ya sake dawowa. Allah Ya daidaita hannunki, Ya ba ki zuciyar tsayawa. Ki yafe mini labarin da na ba ki ba daidai ba.

Dadarki,
Habiba.